Gafakar Mutumin Riruwai

Kwana uku bayan sadakar arba'in ɗin Baba, Inna ta sa aka kira ni. Ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kama sunana ba, saboda haka abin da ƙanwata ta faɗa a waya shi ne, "Yaya, Inna ta ce a gaya wa na birni ya zo ya sauke kayan da aka bar masa." Na san kayan. Wata tsohuwar gafaka ce ta jar fata da ke rataye a turakar Baba tun ina aji uku a firamare. A cikinta akwai Alƙur'ani rubutun hannu, falle-falle, da takardun naira goma guda uku a naɗe cikin tsumma. Ba namu ba ne. Haka dai Baba ya yi shekara 40 yana faɗa.

Na biya Na'ibawa na ɗauki Kawu, ƙanen Inna, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana jan gingimari tsakanin Kano da Jos kafin gwiwa ta zaunar da shi. Da hantsi muka haye gadar Tamburawa. Kaka ce, hazo ya fara sauka. Daga Kura zuwa Kadawa an yanke shinkafa, masu tumatir sun shiga gyaran wuri, ruwa kuwa na ta gudu a magudanar siminti kamar ba rani ake tunkara ba. Kawu ba ya wuce nan bai yi wa Audu Bako addu'a ba, don a zamaninsa aka datse Kogin Kano a Tiga, cikin ƙasar Bebeji, aka gama aikin a 1974. Ya ce kafin nan da an gama girbi samarin yankin cirani suke tafiya, yanzu kuwa wurinsu ake zuwa.

Shi ya matsa sai mun ratse cikin garin Bebeji, wai zai gai da wani tsohon yaron motarsa. Na ƙagu, amma ba a yi wa kawu gardama a mota ko da kai ke riƙe da sitiyari. Bebeji tsohon zango ne a kan hanyar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. A nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, ɗan Madugu Abdullahi, cikin Agalawa. Uban ya rasu yana yaro. Uwar, Amarya, ita ma fatauci take yi, ta tafi Akara ta ƙasar Gana, ta bar 'ya'yan a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Mutumin da ya zo ya kai kayan raƙumi 20 na kuɗin azurfa banki a Kano a 1929, wanda da ya rasu a 1955 ake cewa babu mai arzikinsa a Afirka ta Yamma, da sunan wannan tsohuwa duniya ta san shi, ba da na madugun da ya haife shi ba. Jikarsa, Hajiya Mariya Sanusi Ɗantata, mahaifiyar Aliko Ɗangote, duk Kano an san ta da ciyar da mabuƙata. Muna zaune a tabarma an kawo mana fura, ni hankalina yana kan Tata, wadda ba ta san abin da yaron zai zama ba ranar da take gutsura masa tuwo.

Kawu ya shiga ba ni labarin zango yadda ya ji a bakin manya. In ayari ya sauka, fatoma ke ba falke ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in bashi ya shiga tsakani. Ba ya karɓar kuɗin kwana, amma in ciniki ya faɗa yana da la'ada. Haka aka yi daga Kano har Salaga, da haka kuma Hausawan Sabo na Ibadan suka riƙe cinikin goro da shanu. "Ka ga," in ji Kawu, "saukar baƙo sana'a ce, kuma halal. Mahaifinka ya gaji saukar, ya manta da la'adar."

Ƙauyenmu yana ƙasar Kiru, 'yar tafiyar ƙafa daga Kwanar Ɗangora, inda hanyar Jos ta rabu da titin Zariya. Baba ba mai kuɗi ba ne. Gona biyu gare shi, da keken ɗinki a zaure, da wata randa da ya kafa a gindin darbejiyar ƙofar gida, moɗa a ɗaure da igiya. Cika randar nan aikina ne, guga takwas kowace safiya kafin makaranta, kuma na tsane ta. Duk wanda mota ta lalace masa a kwana, ko dare ya yi masa, ko aka yanke masa aljihu a kasuwa, 'yan tasha sun san inda za su nuna masa: "Je ka zauren tela." Mun kwana da Fulani masu cigiyar ɓataccen sa, da Ibo masu kayan gyaran mota, da wata mata 'yar kudancin Kaduna da naƙuda ta kama a hanya, wadda ta haihu a ɗakin Inna. Baba ba ya tambayar mutum garinsu ko addininsa sai ya ci ya sha, wani ma har ya tafi ba a tambaye shi ba. In an yi masa magana sai ya ce matafiyin da guzuri ya yanke wa yana cikin mutum takwas da Allah ya ba rabo a zakka, to shi da bai taɓa kai nisabi ba, tabarma da ruwa ne abin da zai iya fitarwa.

Mu 'ya'yansa muna da sunan da muke kiransa a ɓoye: inuwar giginya, na nesa ka sha. Na taɓa yin mako guda ina zuwa makaranta da silifas ɗin da na ɗaure da waya, a makon da ya biya wa wani baƙo kuɗin mota har Gusau. In na ce na manta na yi ƙarya.

Mai gafakar ya zo ne a farkon 1984. Duk wanda ya yi wayo a lokacin ya san shekarar. Daminar 1983 ta ƙi, bushiya ta karkashe shanu, a gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya. Direban wata a-kori-kura ne ya sauke shi a kwana saboda amansa ya hana fasinja sakat, aka turo shi a amalanke har zaurenmu. Leburan kuza ne daga Riruwai, amma mahaddaci, ya je Kano ya sayar da kekensa don ya ciyar da iyali. Kwana 19 ya yi a kwance. Har yau ina jin warin zauren nan a hancina, ina kuma ganin Baba ya tallabo kansa yana ɗura masa kunun tsamiya da ludayi, yana goge masa gemu da gefen rigarsa. Ran da ya ji ƙarfi ya yi asuba tare da mu, ya ce bari ya leƙa tasha. Da aka aike ni in naɗe tabarmarsa, sai ga gafaka a ƙarƙashin matashi, kuɗin a kanta.

Kowa ya gane abin da mutumin yake nufi, ban da Baba. Shi ya ce mantuwa ce. Ba a yi nisa ba, a watan Afrilu, gwamnatin Buhari ta canja launin kuɗi, aka rufe iyakoki, aka ba mutane ƙasa da mako biyu su kai tsofaffi banki. Baba, wanda ba shi da ko sisin kansa da zai canja, ya tafi Kano ya kwana biyu a layi saboda naira 30 ta wani. Bayan 'yan shekaru ya je Riruwai da kansa, ya tarar kasuwar kuza ta faɗi a duniya tun 1985, leburori sun watse, aka ce mutumin ya yi wajen Bukuru. Sai a ciwon ajalinsa wani mai sayen hatsi ya kawo masa labarin 'ya'yan sun dawo wani ƙauye a gindin duwatsun. Wasiyyarsa gajeriya ce: a mai da Alƙur'anin, kuɗin kuma tunda a hannunsa suka mutu, a haɗa musu da buhun hatsi.

Daren nan na zauna a ɗakin Inna, tana takaba, carbi a hannu. Na ga an kwashe tuwo, an zuba malmala biyu a wani kwano daban an kai zaure, alhali babu kowa a ciki. Na ce, "Inna, ku dai kun sha wahalar baƙin Baba."

Ta yi murmushi. "Malam ya yi suna, ni na sha hayaƙi." Ta ja carbinta kaɗan, sannan ta ƙara, "Amma wa ya gaya maka dole aka yi mini?"

Washegari da sassafe muka hau titin Jos, gafakar a kan cinyar Kawu, ya lulluɓe ta da rawaninsa. A hanya ne ya gaya mini abin da ban taɓa ji ba. Allurar da aka yi wa mutumin Riruwai, da ruwan da aka ƙara masa, ba daga keken ɗinki kuɗinsu suka fito ba. Inna ce ta sauke kwallayenta biyu na jere, na aurenta, ta ba dillaliya, ta kuma ce kada a gaya wa Malam. Na yi shiru. Shekara 40 ina jin haushin mutum ɗaya a kan laifin mutum biyu.

Tun kafin a isa Tudun Wadan Ɗankadai ƙasa take sauya kama. Ruwa ya fi sauka a nan, sai ka ga gero ya ja baya, masara da shinkafa da rake sun karɓi fili, ɗorawa da kaɗanya sun yi kauri. Garin kansa na shinkafa ne. Ko'ina shanshera ce a shanye, mata na turara ta a manyan tukwane, injinan casa na ta ruri, ƙaiƙayi na shiga ido. Kawu ya damƙi 'yar Hausa a tafin hannu, ya hura, ya ciza ƙwaya ɗaya, ya yi ciniki kamar zai tafi ya dawo ya fi sau uku, har aka sallama mana buhu. But ɗin motata cike yake da taya da jarka da tarkace, don haka 'yan dako suka kwantar da buhun a kujerar baya, ya cinye ta kaf.

Mun bar gari da 'yan kilomitoci, gidaje sun ƙare, daji bai fara sosai ba, sai na hango mutum a bakin titi yana kaɗa hularsa. Gefensa mace ce zaune a ƙasa, ta ɗora yaro a cinya, kan yaron ya langaɓe, ƙafafunsa na jan ƙura. Ƙafata ta sauka a birki da kanta. Na ga fuskar mutumin sosai, har da tsagar da ke kumatunsa, na ga ya fara takowa. Sai na mai da ƙafar kan totur.

"Babu wuri," na ce, ba tare da an tambaye ni ba.

Kawu bai ce uffan ba. Ni kuwa na shiga kare kaina a zuci, kuma hujjojin ba na banza ba ne. Gabanmu dajin Falgore ne, kimanin kilomita 150 daga Kano, wanda Turawa suka keɓe a shekarun 1940 da sunan gandun Kogin Kano, daga baya aka mai da shi gandun namun daji. Ya ratsa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. A 'yan shekarun baya sunansa ya fi fitowa a labarin ɓarayin shanu da masu tare hanya, har a 2017 aka mai da wani sashensa filin atisayen soja. Kowane direba ya taɓa jin labarin matar da aka zaunar a bakin titi a matsayin tarko. Kawu da kansa an taɓa kwantar da shi rub da ciki a dajin nan an kwashe masa kuɗin lodi. Na ce a raina, Baba ya yi zamaninsa ne lokacin da duniya ke kwance.

Muka shiga daji. Ciyawa ta fi mutum tsayi, ta fara bushewa, itatuwa sun haɗe kai a wasu wuraren, birai uku suka tsallaka titi ba gaggawa. Wuri ne mai kyau, amma ban gan shi ba sai a dawowa. Mun yi kamar minti goma sannan Kawu ya gyara zaman gafakar a cinyarsa, ya ce, yana kallon gaba, "Ɗan nan, buhun da ya hana wurin, na wanda aka tsinta a bakin hanya ne."

Ya bari maganar ta zauna, sannan ya tuna mini da abin da na sani na ƙi tunawa. A ƙarshen Fabrairun 1984 aka yi rikicin Maitatsine a Jimeta, na Kano na Disambar 1980 kuwa bai bushe a zukata ba. A watannin nan babu wanda ake tsoro kamar baƙon gardi mai gafaka wanda ba a san asalinsa ba. Maƙwabta sun zo sun ce a fitar da shi. Mai unguwa ya zo da kansa. Baba ya ce masa, "Ranka ya daɗe, in ya warke ya zama abin da kuke tsoro, ni za a fara kamawa, na yarda. Amma yanzu ko ludayi ba ya iya riƙewa."

Na juya mota a tsakiyar daji. Da muka iso wurin babu kowa. Wata yarinya mai tallan nono a ƙarƙashin ɗorawa ta ce wani mai babur ya kwashe su, su uku a bayansa, sun yi asibitin Tudun Wada. Silifas ɗin yaron ƙafa ɗaya na nan a ƙura, shuɗi, ɗan ƙarami. Na tsaya ina kallonsa har Kawu ya ce rana na yi.

Ba na raina tsoro, kuma ba zan ce wa kowa ya tsaya wa duk wanda ya ɗaga masa hannu a Falgore ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ƙaryar da na yi. Da na ce tsoro nake ji, da Kawu ya duba wurin da idon direba, mu yanke shawara tare. Sai na ce babu wuri. Titin nan da muke kai, in ka bi shi ka wuce Saminaka da Jos, zai kai ka ƙasar Barikin Ladi, inda a wani hari na watan Yunin 2018 Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar, tsoho mai shekara fiye da 80, ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa, ya fita ya tare maharan a ƙofa. Amurka ta ba shi lambar yabo a 2019. Gidan limamin ƙauye ɗaki nawa ne?

Bayan azahar muka ratse daga titin Jos muka nufi Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa. Wanda ya san Kano da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa zai rantse ya bar jihar. Duwatsu ne jere, dangin na Jos, iska mai sanyi na gangarowa daga kansu, tsofaffin ramukan kuza sun cika da ruwa sun zama kududdufai. Har yanzu akwai samari a bakin rafi suna wanke yashi a ƙwarya, suna neman baƙin da ke kwantawa a ƙasa. Muka yi sallama da mai unguwa, Kawu ya buɗe fallen ƙarshe ya karanta sunan marubucin da na mahaifinsa a ajami. Aka haɗa mu da yaro ya kai mu.

Babban ɗan sa'ana ne, manomi, hannunsa duk kanta. Mahaifinsu ya rasu da daɗewa. Bai bari mun faɗi abin da ya kawo mu ba sai da aka kawo ruwa, aka kawo dafaffen dankali da ƙuli. Da Kawu ya yaye rawanin, mutumin ya daɗe bai miƙa hannu ba. Ya tashi ya shiga gida ya fito da wata gafakar, ya buɗe su gefe da gefe a kan buzu. Hannu ɗaya ne. Baƙi da tawada, wasali da ja, hamza da ɗigon rawaya, har yadda yake jan wutsiyar nun ta zarce layi. Ya juya mana baya ya ɗan jima.

Da ya juyo sai ya ce, "Malam, Allah ya jiƙan mahaifinku. Baba ya gaya mana sau biyu ya rubuta Alƙur'ani da ka. Ɗaya ga shi. Ɗayan ya ce ya biya bashin rai da shi a ƙasar Kiru. Abin da Baba ya biya, ni ban isa in karɓo ba."

Na ce, "Ni kuma wasiyya aka bar mini. In na koma da shi, me zan ce wa mahaifiyata?"

Muka yi ta yi, kowa na rantsuwa da ladabi, matattu biyu na gardama ta bakin 'ya'yansu, ɗaya ya ce ya biya, ɗaya ya ce ba a bin sa. Sai da aka kira liman. Ya saurari kowa, ya jujjuya fallayen, ya ce shi dai abin da ya gani shi ne an rataye Alƙur'ani shekara 40 ba a karanta shi ba, kuma duka gidajen biyu da hannunsu a ciki. Ya yanke a yi waƙafinsa a makarantar allon garin, ladan ya je wa mai rubutu da mai ajiya, su raba can. Shinkafar a dafa wa almajirai. Aka shafa fatiha. Takardun naira goman kuwa yara suka karɓe suna ta juya su, suna tambayar wane ne wannan mai hoton, Kawu na gaya musu Alvan Ikoku ne, wani malamin makaranta.

Ba su bar mu mun shiga daji da yamma ba. Muka kwana a zauren, a kan tabarma, da tuwon masara miyar kuka. Da safe na buɗe mota sai na tarar da buhun masara kwance a kujerar baya, daidai inda shinkafar ta tashi. Na buɗe baki, Kawu ya taka mini ƙafa. Sai da muka hau kwalta ya fashe da dariya har da tari. "Ga la'ada ta iso," in ji shi, "ta yi lattin shekara 40."

A wajen Tudun Wada na rage gudu a gindin ɗorawar nan. Mai nonon ba ta fito ba. Silifas ɗin ma babu shi.

Bayan isha muka iso gida. A zaure na tarar da wani saurayi da ban sani ba, jakarsa a gefe, kwanon nan a gabansa, wai motar Zariya ce ta zube su a kwana. Inna ta saurari labarin duka ba ta katse ni ba, har da na bakin titi, don ban ɓoye mata ba. Ba ta ce komai a kansa ba. Masarar ta ce a jingine ta a lungun zaure, ba ta cikin gida ba ce. Da asuba, ina cikin barcin gajiya, ta aiko 'yar ƙanwata ta tashe ni, wai a gaya wa na birni randa babu ruwa.